Horon ƙwarewa ko kama aiki kai tsaye: zaɓin sabon masanin magunguna a Amurka

Tambayar da ɗaliban harhaɗa magunguna a Amurka ke yawan yi mini ita ce: bayan digirin PharmD, su shiga horon ƙwarewa na shekara ɗaya a asibiti, wato PGY1, ko su kama aiki kawai?

Ta fuskar kuɗi ba a ma haɗa su. Cikakken ma'aikaci na samun sama da dala 130,000 a shekara, mai horo kuwa alawus ɗinsa bai kai rabin haka ba. Ga bashin makaranta yana jira.

Wurin ƙarin lokaci ne abin ya fi ciwo. Dokar ƙwadago ta 1938 ta ce wanda ake biya da awa, in ya haura awa 40 a mako, a biya shi ɗaya da rabi. Mai albashin shekara galibi ba ya ciki, kuma yawancin masu horo a nan suke. Ƙungiyar masu harhaɗa magunguna na asibitoci ta Amurka, ASHP, ta ƙayyade musu awa 80 a mako, a matsakaicin mako huɗu, har da aikin gefe, da hutun kwana ɗaya cikin bakwai. A ganina wannan iyakar ma ta yi yawa. Jihar Kalifoniya ta fi sauƙi, don dokarta ta kare haƙƙin masu harhaɗa magani a kan kuɗin ƙarin lokaci.

Amma horon na buɗe ƙofa. Manyan asibitoci kan nemi PGY1 kafin su ba mutum aikin zagayen gadaje da likitoci, kuma shekara ɗayar na maye gurbin shekara 3 na aiki wajen zama jarrabawar BCPS, ta samun shaidar ƙwarewa a fannin jinya da magunguna.

Mai iyali da bashi a wuya, aiki ya fi masa. Wanda ke hangen sashen ciwon daji ko ɗakin kulawa ta musamman, ya daure wa shekarar.