Maganar hannu ta gida ko ta makarantar kurame?

'Yar uwa da kika yi tambaya kan yaronki ɗan shekara 4 da sanƙarau ya taɓa wa kunne, wai ki bar shi da maganar hannu da yake tsinta a unguwa ko ki kai shi makarantar kurame, Allah ya ba shi lafiya. Toh abin da mutane da yawa ba su sani ba, waɗannan yare biyu ne daban.

Maganar hannu tamu ce ta Hausawa, tsofaffi ma maganar bebaye suke ce mata, ba wanda ya kawo ta daga waje, kuramen Kano sun gaje ta ne tun kaka da kakanni. Daɗinta shi ne masu ji ma suna kama ta, ki je kasuwa ki ga mai nama yana ciniki da kurma har da neman ragi ba tafinta. Kaka za ta iya, mai shago zai iya, yaran layi ma za su iya.

Ta makaranta kuwa asalinta Amurka. Wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantar kurame a Ghana a 1957, ya zo Ibadan a 1960, daga nan maganar hannun da ya zo da ita ta bazu har ta zama ita ake koyarwa a makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano da aka buɗe a 1977. Da hannu ɗaya ake harhaɗa haruffa A zuwa Z, kuma Turanci take bi, shi ya sa yaro zai dawo hutu yana ta zuba da hannu uwarsa na kallonsa kamar baƙo. Wannan yana min ciwo gaskiya.

Amma fa duk harkar gwamnati da ita ake yi. Tafintan da kike gani a gefen allo lokacin labaran NTA ita yake yi, malaman da ake horarwa a kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo ita suka koya. Dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, ta kuma ce asibitin gwamnati ya tanadi hanyar magana da mara lafiya irin wannan, sai dai a aikace yawanci ɗan uwa ne ke bin kurma ɗakin likita, in kuma an yi sa'ar samun tafinta to ta makaranta zai yi masa. Yaron da maganar hannu kaɗai ya iya zai tsaya yana kallo.

Ni dai da nawa ne ba zan zaɓi ɗaya ba. A gida ku fara maganar hannu yau yau ɗin nan, kar ku jira sai ya kai shekarun firamare, kuma ku ci gaba da yi masa magana da baki kuna kallon fuskarsa tunda ya riga ya fara magana kafin ciwon, kar ta ɓace masa. In lokaci ya yi a kai shi makaranta, ke ma ki roƙi malamansa su koya miki ko da haruffan ne. Kafin nan ki kai shi sashen kunne a auna jin nasa, in Kaduna ba ta miki nisa akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa a can, wataƙila akwai sauran jin da na'urar kunne za ta taimaka.