Teku ko Abeokuta: amsa ga ƙanena daga Agege

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fata Inna ta samu sauƙin ƙafar, kuma kowa a Maraɗi yana lafiya. Saƙonka ya iso. Ka ce in an gama biki kana so ka kawo amarya Legas, kwana uku ne kawai a hannunka kafin ka koma shago, guzurin kuma ba zai ɗauki abu biyu ba: ko dai ku kama ɗaki a bakin teku, ko ku je garin da ke da abin tarihi. Amsar da zan ba ka ita ce ku kwana a Abeokuta, garin Yarbawa da ke arewa da Legas, teku kuma ku ba shi safiya guda. Na rubuto ta a fili ne don na san ba kai kaɗai ke da wannan tambaya ba cikin mutanenmu masu zuwa Kurmi.

Na san abin da ke jan ka. Mu 'yan Nijar ƙasarmu ba ta taɓa teku ko ta ina, babban ruwan da muka tashi muka sani shi ne tafkin Madarumfa, sai Gulbi in damina ta yi kyau. Saboda haka ba zan rage wa teku daraja ba. Mutum ya tsaya gaban ruwan da ba a ganin ƙarshensa, ya hango manyan jiragen ruwa sun yi layi suna jiran shiga tashar Apapa, dole bakinsa ya kama tasbihi. Ina so amaryarka ta ga wannan da idonta. Abin da nake ja a kai shi ne kwana a wurin, da kuɗin da kwanan ke ci.

A Legas yashin bakin teku ma yana da mai shi. Tsofaffinmu na Obalende suna ba da labarin Bar Beach, inda a da kowa ke zuwa ya sha iska kyauta. Wannan wuri babu shi yanzu, an cike ruwan da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic a kansa. Wani sanannen wurin, Landmark, shi ma aikin babban titin gaɓar teku da zai tashi daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, ya cinye bakin ruwansa a 2024. Yawancin abin da ya saura yana can gabas, wajen Lekki da Ajah har zuwa Ibeju-Lekki, kuma kusan kowanne da ƙofa da mai karɓar kuɗi. Za ka biya na shiga, kai da ita kowa da nasa. In da mota ka zo, ka biya na ajiye ta. Ka shiga ka tarar babu inuwa sai rumfa, rumfar ta haya ce, kujerar da ke cikinta ma wani lokaci da nata lissafin. In amarya ta dafo abinci daga gida, akwai wuraren da za su ce sai an biya kafin kula ta wuce ƙofa, don su nasu suke so ka saya. Ranar Sallah ko Kirsimeti kuwa kowane farashi sai ya ƙara tsawo. A gida in ka zauna gindin bishiya a bakin ruwa, iyaka a kawo maka tabarma a yi maka sannu da zuwa.

Otel-otel ɗin bakin teku suna da kyau, gaskiya ɗaya ce. Ɗaki tsaf, na'urar sanyaya ɗaki, wuta ba ta yankewa domin janareta na aiki dare da rana. To amma man da janaretan ke sha a jikin kuɗin ɗakinka yake, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 komai a ƙasar nan ya tashi, tun daga kuɗin mota har zuwa kwanon shinkafa. Abin da za ka ba da na dare ɗaya a irin waɗannan wurare zai riƙe ku dare biyu ko uku a otel mai mutunci a Abeokuta, har da ci da sha. Ga hanya: titin Lekki zuwa Epe shi ne wanda manyan motoci ke bi zuwa matatar man Ɗangote da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki. Daga Agege, in cunkoso ya kama ku, rabin yini zai tafi kuna cikin mota, alhali duka-duka kwana uku gare ku.

Sai abin da ya fi kuɗi muhimmanci a wurina. Ba don irinmu aka tsara wuraren nan ba. Da rana ta karkata kiɗa zai tashi har ƙirjinka ya riƙa amsawa, kwalabe su fito, shigar mutane kuma ta zama wadda yarinyar da ta tashi a gidan malamai za ta rasa inda za ta sa idonta. Ba zagin kowa nake yi ba, garinsu ne, hutunsu ne. Amma ka yi tunanin ta zauna cikin hijabi a tsakiyar wannan, ga la'asar ta yi, ba masallaci kusa, ba buta a banɗaki, sai ka je ka nemi 'yan uwanmu masu suya ko yaran da ke ba da hayar doki su nuna maka lungun da suke shimfiɗa kwali su yi salla. Su kam za su karɓe ka hannu bibbiyu, da yawansu mutanen Arewa ne, har da namu na Nijar. Sai dai ba wannan ka tara kuɗi don ka nuna mata ba.

Kuma don Allah kada ka shiga ruwan da sunan ka iya iyo a Gulbi. Tekun nan yana da ja ta ƙarƙashi, yana kwashe yashin da ke ƙasan ƙafarka ya tafi da kai, kuma yana cin mutane, musamman da damina in ya yi fushi. In ta ƙafa ce za a jiƙa, a tsaya iya idon sawu. Wurin da na fi natsuwa da shi shi ne Tarkwa Bay, domin katangar duwatsun da aka yi don kare mashigar jirage tana karya ƙarfin igiyar. Ba a zuwa can sai ta kwale-kwale mai inji, daga wajen Marina ko Victoria Island. Ku tafi da sassafe a ranar aiki, ku sa rigar kariya ko da matuƙin bai matsa ba, ku sha ruwan kwakwa ɗanya wadda za a sare muku nan take, ku ci gasasshen kifi, ku dawo kafin azahar. Kwakwar nan ba irin busasshiyar da ake kai mana kasuwar Maraɗi ba ce, naman cikinta da cokali ake kwasa. Wannan safiyar ta ishe ku teku.

Yanzu Abeokuta. Abu na farko, da jirgin ƙasa za ku je, shi kansa rabin yawon ne ga mutumin da ƙasarsa ba ta da jirgin da ke ɗaukar fasinja. An buɗe layin Legas zuwa Ibadan a watan Yunin 2021, tsawonsa kimanin kilomita 157, kuma yana da tasha a nan Agege, ba nisa da inda nake. Kujera mai laushi, sanyi, ba shingen bincike, ba ramuka, ba kwandasta mai ihu. Awa ɗaya da 'yan mintoci kun sauka. Ka kwatanta da titin da ya bi ta Sango Ota da Ifo, wanda direbobi suka daɗe suna kuka da shi. Tashar Abeokuta tana bayan gari, sai kun ɗauki tasi zuwa ciki, ka yi ciniki kafin ka shiga. A sayi tikiti da wuri, musamman ƙarshen mako. Duk lokacin da na zauna cikin jirgin nan sai na tuna layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, in roƙi Allah ya nuna mana ranar da Inna za ta hau shi.

Abin da ya sa garin ya shiga raina shi ne labarinsa ya yi kama da namu. Kai ka san Katsinawan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi su ne suka kafa Maraɗi, suka riƙe sarautarsu a can har yau. To su ma Egbawa, wato Yarbawan Abeokuta, gudun yaƙi ne ya kawo su. Da daular Oyo ta rushe, ƙasar Yarbawa ta rikice da yaƙe-yaƙe, sai suka taru wajen shekarar 1830 ƙarƙashin jagoransu Sodeke suka fake a dutsen Olumo. Daga baya sojojin masarautar Dahomey, ta ƙasar Benin ta yanzu, suka kawo musu hari a 1851, suka sake dawowa a 1864, duka biyun aka kora su. Dutsen yana nan tsakiyar gari, tsayinsa mita 137. Akwai matakala, kuma masu rakiya za su nuna muku kogunan da mutane suka zauna ciki, da ramukan da mata suka riƙa niƙa a kan dutse har ya lotsa. Daga sama za ku ga kogin Ogun, da babban masallaci, da tsohuwar majami'a, da rufin kwano masu tsatsa iya ganin ido. A jikin dutsen akwai wurin bautarsu ta gargajiya da tsofaffin mata masu kula da shi. Ba wanda zai tilasta muku komai, ku gaishe su ku wuce. Mai rakiyar zai sa ran ihsani a ƙarshe, ka ba shi da daɗin rai, domin ya yi aiki da bakinsa da ƙafarsa.

Ka gaya wa amarya cewa a garin nan ne matan kasuwa, Funmilayo Ransome-Kuti na gabansu, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada kan harajin da aka ɗora musu, har sarkin garin, Alake, ya sauka daga karaga a 1949. Nan ne kuma garin su Abiola da Obasanjo, kuma ɗakin ajiye tarihin mulkin Obasanjo da aka buɗe a 2017 yana karɓar baƙi, in lokaci ya ba ku dama.

Inda nake so ka kashe kuɗinka shi ne kasuwar Itoku, kusa da dutsen. Nan ne cibiyar adire, rinin Yarbawa. Mu mun san baba da marina, mun san ɗan Kura mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa. Nasu salon daban ne: mata ne ke riƙe da sana'ar, uwa ta koya wa 'ya. Wani zanen ƙulla shi ake yi da zare kafin a tsoma, wani kuma da kullun rogo ake zana masa ado, inda kullun ya taɓa rini ba ya kamawa. Akwai wanda ake yi a kan shadda, yana da nauyi, ya dace da ɗinkin babbar mace. Yadi biyar-biyar ake sayarwa. Sai dai ka buɗe ido, domin kasuwa ta cika da na kanti da ake bugowa daga Sin da zanen adire, matan Itoku kansu suna kokawa da shi don ya karya musu ciniki. Ka duba adon: na hannu ba ya zuwa daidai wa daida, wani furen zai ɗara wani, kuma in ka murza sabo a tafin hannu yakan bar maka ɗan shuɗi. Na inji kuwa kowane zane tamkar ɗan'uwansa. Farashin farko da za a faɗa maka ba shi ne na sayarwa ba, kai ɗan kasuwa ne, ba sai na koya maka tayi ba. Ka gaishe da mai kaya da girmamawa, ka kira ta Mama, za ka ga bambanci. Ka sayo wa Inna ɗaya mai duhu.

Ta wajen abinci, za ku sami shinkafar ofada da ake zubawa a ganye, gajera mai ƙamshi, da miyar manja mai yaji sosai, sai amala da miyar lalo wadda ba baƙuwa ba ce a harshenmu. In yajin ya fi ƙarfinta, ku nufi Sabo. Kamar sauran manyan garuruwan Yarbawa, Abeokuta na da unguwar Hausawa, cinikin goro da na shanu ne ya zaunar da kakanninmu a wannan yanki tun da daɗewa. Can akwai tuwo, akwai mai shayi, akwai nama yankan Musulmi, akwai masallacin da za ka ji an yi sanarwa da Hausa. Musulmi ma suna da yawa cikin 'yan garin, kiran salla ba zai wuce ku ba. In za ka kama otel, ka tambaya ƙarfe nawa suke kunna janareta da lokacin da suke kashewa, ka buɗe famfo ka gani da idonka kafin ka biya, ka kuma taho da butarka da dardumarka.

Wani zai ce maka ga Badagry, ta haɗa teku da tarihi wuri guda. Haka ne. Akwai benen da 'yan mishan suka gina a 1845, akwai kurkukun bayi na Seriki Abass, akwai tsibirin Gberefu inda ake bi da bayi zuwa bakin jirgi, kuma cikin waɗanda aka sayar ta gaɓar nan har da Hausawa da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil. Wuri ne da ya kamata kowane Bahaushe ya je. Amma sarƙoƙin da za a ɗora maka a hannu ka ji nauyinsu ba abin nuna wa amarya ba ne a makon farko, hanyar kuma doguwa ce. Ka bar shi sai wata zuwan, mu je tare.

In kuna da zaɓin lokaci, ku zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Ruwan Yuni da Yuli a Legas yana iya wuni yana zuba, tituna su cika. Ka canza sefarka tun a Maraɗi ko Katsina wurin wanda ka sani. A nan yawancin ciniki ta waya ake turawa, mai tsabar kuɗi kuma yana cira ne wurin masu POS, su yanki ladansu. Takardunku na shaida su kasance a jikinku tun daga Ɗan Isa da Jibiya har ku iso, kada a sa su cikin jakar da za a ɗaure a saman mota. Daren farko a gidana za ku kwana, yayarku ta riga ta fara gyaran ɗaki. Ka sanar da ni ranar da za ku taso daga Kano don in nemi tikitin jirgin tun da sauran wuri. A gaida Baba da Inna, da su Gwaggo, da duk mutanen gida.