Wata tara da obo ta Fox Renard 330 a Riyad

Tunda na ɗora hotonta ake ta tambayata wai algaita ce? To kusan hakan ne, obo sunanta, ƴar uwar algaitarmu ce ta Turawa, ita ma ɗan kara mai baki biyu ake sakawa a leɓe a busa, shi ake kira rid. Kakana dai har yau cewa yake jikansa ya koma ɗan algaitan Nasara, Allah ya ƙara masa lafiya.

Wannan ba ita ce ta farkona ba. Ta farkon ta katako ce ta hannu, a Jidda na saya, baƙin itacen nan grenadila da ƴan Sudan ke cewa babanus, muryarta kam ba a magana. Amma Jidda akwai danshin teku, Riyad kuwa iska a bushe ƙamas ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana, kai kuma kana hura numfashi mai ɗumi a cikinta, ciki na kumbura waje na bushewa, wata safiya na buɗe jaka na tarar gaɓar sama ta tsage tsakanin ƙananan ramukan nan. Wallahi ranar ko abinci ban ci ba.

Ustazina Bamisre ne, shi ya ce yaro manta da katako tukuna, nemi ta roba amma mai cikakkun maɓallai. Haka na faɗa kan Renard 330, a Indiyana ta Amurka ake ƙera ta. Abinda ya ja ni biyu ne, tana da Fa ta hannun hagu, wato ƙarin maɓallin da ake fidda sautin Fa na Do-Re-Mi da shi, kuma tana sauka har Si bimol ta ƙasa, sauti mafi ƙasa da obo ke kaiwa. Yamaha YOB-241 da ƴan farawa da yawa ke riƙewa ba ta da su, duk da tana da sauƙin ɗauka ga yara. Fa ta hagun nan kar ka raina ta, in za ka tashi daga Re zuwa Fa ba tare da ita ba dole ka yi Fa mai cokali, wato ka ɗaga ɗan yatsan tsakiya ka rufe na gefensa biyu kamar cokali mai yatsu, ita kuma sautinta a dushe yake kamar mai mura, kana cikin jera waƙa lafiya lau sai harafi ɗaya ya canza launi.

Batun lanƙwasa murya, wanda shi ne dalilin rubutun nan. Mu a nan ba iya kiɗan Turawa ake ba mu ba, akwai maƙamat, wato tsarin jera sautuka na kiɗan Larabawa, a cikinsu Bayati da Rast suna son Mi ɗin nan da ke rataye a tsakiya, rubu'in sauti, obo kuma ba a ƙera ta don shi ba, da leɓe da ɗan rufe rami kake janyo shi. Renard ɗin nan tana bina in na sassauta leɓe, ba ta gardama, in na busa a hankali ma a ƙasa ba ta yanke min. Sai dai gaskiya rabin aikin na rid ne. Na gwada mai gajeriyar kankara, wato inda aka kankare bakin karan, irin ta Turai da mai doguwa irin ta Amurka, ni doguwar ta fi yi min laushi, ustaz kuma gajeriyar yake so, har yau muna musu. Ka jiƙa shi a ruwa minti 2 ko 3 kafin ka fara, a Riyad in ka ajiye shi ka amsa waya ka dawo ya bushe, khalas.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ranar da ustaz ya ban obonsa ta katako, Lorée ta Faransa, na busa sai da na yi shiru, akwai wani kauri da katako ke bayarwa a saman murya wanda tawa ba ta kai ba. Amma shi kullum cikin lallaɓa ta yake da ɗan soso mai ruwa a jaka, ni kuwa daga mota mai zafi zuwa aji mai sanyi nake shiga da tawa ba fargaba. Ba ta da arha fa, sai da Yaya ya cika min riyal ɗin.

Wanda ya san mai gyaran maɓallan obo a Riyad don Allah ya taɓa ni, dunƙulen sukurorin daidaitawar nan tsoron taɓa su nake.