Tafiyar ƙafa a duwatsun Sikotland: abin da ake saye da abin da ake samu kyauta

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ga bayanin da ka nema kan tafiyar ƙafar da na ce maka na fara yi a nan.

Hanyar da na bi sunanta West Highland Way. An buɗe ta a 1980, tsawonta kilomita 154, daga Milngavie da ke gefen Gilasgo har Fort William a gindin dutsen Ben Nevis. Yawancin mutane mako guda suke yi a kanta. Wani sashe nata tsohon burtali ne, inda makiyayan da suke koro shanu daga kan duwatsu zuwa kasuwannin kudu, wani sashen kuma hanyar soja ce ta ƙarni na 18. Duk inda hanya ta rabu akwai turke mai alama, saboda haka ɓata sai da ganganci ko hazo.

Kayan tafiyar akwai tsada, ba zan ɓoye maka ba. Takalmi mai kyau wanda ruwa ba ya shiga yakan haura fam 100, rigar ruwa ma haka. Amma yadda ake sayar da shi ya burge ni. Mai shago zai auna ƙafarka, ya ba ka safa mai kauri, ya sa ka hau ɗan gangaren katako ka sauko don a ga ko yatsunka suna dukan gaba. Ba ya gaggawar karɓar kuɗinka. A nan ruwan sama ba shi da damina, kowane wata yana iya sauka tare da iska, kuma rigar auduga idan ta jiƙe sanyi take riƙewa a jiki, shi ya sa takalmi da rigar ruwa ba a yi musu rowa. Sauran kayan kuwa, jaka da rigar sanyi, a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji na same su da araha. Inda muka fi su shi ne gyara. Takalminka ya ɓalle a gida, kafin ka sha shayi mai gyara ya ɗinke shi. A nan sai dai ka aika ta gidan waya ka jira, kuɗin kuma ya sa mutane da yawa suna gwammace sabo.

Abinci ma mun fi su. Ana sayar da wasu 'yan dunƙule-dunƙule a leda wai masu ƙara kuzari, da tsada, alhali dabino da gyaɗa da garin kwaki sun fi riƙe ciki. Da ka bar Gilasgo naman halal ya yi wuya, sai kifi da ƙwai da burodi. Babu mai shayi a bakin hanya, babu ɗan acaɓa idan ƙafa ta gaji, masauki kuma a lokacin zafi sai ka kama shi tun da watanni. Akwai dai kamfanonin da ke ɗaukar jakarka da safe su kai ta masaukinka na gaba, kai ka tafi da ruwa da guzuri kawai. Tsofaffi da yawa da haka suke gama hanyar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ba a biya. A 2003 majalisar Sikotland ta yi dokar da ta ba kowa damar ratsa yawancin filaye da duwatsu, ko da na wani ne, har ya kafa tanti ya kwana, muddin bai taka shuka ba, bai dami dabbobi ba, bai bar shara ba. A wasu sassan bakin tafkin Loch Lomond ne kawai ake neman izini daga Maris zuwa Satumba, saboda ɓarnar da aka taɓa yi a wurin. Sannan akwai tsofaffin ɗakunan dutse da suke kira bothy, ba a kulle su, ba a karɓar ko kwabo. Wata ƙungiyar 'yan sa-kai da aka kafa a 1965 ce ke gyara yawancinsu. Babu wuta, babu famfo, ka kwana ka share ka ja ƙofa. Idan ka karye a kan dutse, ka kira 999 ka nemi 'yan sanda, su turo masu ceto. Su ma 'yan sa-kai ne, malamai da direbobi da ma'aikatan jinya, za su bar barcinsu su zo, ba za su ba ka takardar biya ba. A bakin wasu gonaki na ga akwati da ruwan kwalba da kek, da gwangwanin saka kuɗi, babu mai tsaro. Na ga mace ita kaɗai tana ratsa dajin Rannoch Moor, inda za ka yi awanni ba ka ga gida ba, hankalinta kwance.

Wannan ya sa ni tunanin gida sosai. Ben Nevis, dutsen da ya fi kowane tsawo a Birtaniya, mita 1,345 ne. Chappal Waddi namu na Taraba mita 2,419. Ga duwatsun Shere a Jos, ga Kufena a Zariya. Ba wurin zuwa muka rasa ba. Tsaro muka rasa, da masu kula da hanya, kuma abin yana yi mini ciwo.

Su ma suna da nasu bala'in. Daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba wasu ƙananan ƙwari masu cizo suna tasowa dubbai da safe da yamma idan iska ta kwanta. Ba sa kawo zazzaɓin cizon sauro, amma sai ka sa raga a fuska. Akwai kaska a ciyawa, ita kan jawo ciwo, dole ka duba jikinka kullum. A watan Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, ga gajiya ga jiran Magariba da Isha'i.

Kilishin da ka ce za ka aiko, don Allah a bari, doka ta hana shigo da nama daga Najeriya, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Yajin ƙuli-ƙuli dai ina so. A gaida Hajiya da yara.