Gargaɗi kan mai sayar da madabod da ya ce mini 1151 duk ɗaya ne

Ina rubuta wannan ne raina a ɓace, kuma har yanzu kunya ba ta sake ni ba, domin ni ba sabon shiga ba ne a haɗa kwamfuta, da hannuna na haɗa wadda nake aiki da ita shekara da shekaru. Kuɗin da na yi wata biyar ina tarawa, wata biyar cur, wani mai tallar kayan kwamfuta a intanet ya raba ni da su da magana guda ɗaya.

Babban allon kwamfutata ne ya mutu, wanda masu gyara ke kira madabod, amma furosesar, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, tana nan lafiya ƙalau, Intel Core i7-7700 ce, zubi na bakwai. Sau uku na tambaye shi ko za ta yi aiki a allon B360 da ya tallata, kuma amsarsa tana nan a wayata: "Malam, taka 1151 ce, wannan ma 1151 ne, saya kawai hankalinka kwance." Na duba hoton kwalin, LGA1151 aka rubuta, wato sunan gurbin da furosesa ke zama a ciki, na duba bayanin furosesata, LGA1151 ne. To ina gaggawar da na yi? Sau uku fa na tambaya, ya rantse, sannan na tura kuɗin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne furosesar ta zauna a gurbinta daram, marfin ya rufu ba tare da na danna da ƙarfi ba. Na kunna, fanka ta juya, fuskar kwamfutar kuwa baƙi ƙirin. Na cire RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, na mayar, na sauya wayar hoto, na zare batirin allon na dawo da shi, har dare ya raba ina zargin hannuna.

Sai daga baya na gane cewa Intel ta yi amfani da gurbi mai allurai 1151 har sau biyu. Zubi na shida na 2015 da na bakwai na farkon 2017 suna aiki ne a allunan jerin 100 da 200, irin su H110 da B250. Da zubi na takwas ya fito a ƙarshen 2017, ciki har da masu cibiyar sarrafa aiki shida maimakon huɗu, sai kamfanin ya sauya aikin wasu alluran domin ƙara wutar da ke shiga furosesa, ya fito da jerin 300, wato su Z370 da B360. Siffar gurbin ɗaya ce, amma allunan jerin 300 ba sa karɓar zubi na shida da na bakwai. Mutumin da sana'arsa ke nan ba zai ce bai san wannan ba.

Na tsallake wani abu. Kafin in gano haka, ya ce matsalar BIOS ce, wato manhajar da ke cikin allon mai tayar da kwamfuta, in ƙara masa kuɗi ya turo mini sabon fayil, kuma na ƙara, biya na biyu ke nan a kan tarin wata biyar ɗin. Babu wani BIOS na kamfani da zai sa i7-7700 ta tashi a B360, balle ma allon da bai nuna hoto ba. A'a, kafin maganar BIOS ɗin ma ya fara cewa wai na lanƙwasa allura, alhali na haska fitila na ɗauki hoton gurbin, duk a tsaye suke.

Daga ƙarshe ya ce furosesar ce ta ƙone, in aika masa ita a matsayin matacciya, in cika kuɗi ya ba ni ta zubi na takwas. Nan ne jikina ya yi sanyi. Na sa ta a allon B250 na wani abokina, ta tashi nan take. Ashe ita ma yake hari. Na tura masa bidiyon, ya karanta, ya toshe ni.

Zan ɗora hotunan hirarmu da shaidar biya biyun da zarar na rufe lambobin da ke ciki. Kada ku dogara da lambar gurbi. Ku buɗe shafin kamfanin da ya ƙera allon, ku nemi sunan furosesarku a jerin waɗanda yake karɓa. Allon yana nan cikin kwalinsa a gefen teburina, da 1151 ɗin a rubuce, kuma har yanzu ina komawa ina karanta "saya kawai hankalinka kwance".