Rage aksil ɗin gaba: yadda ake yi a Amurka da abin da zai yiwu a Kano

Assalamu alaikum. Gaisuwa ga iyayen gidanmu makanikai da masu walda na Ƙofar Ruwa. Ga bayanin da kuka nema kan yadda mutanen nan Amurka suke rage tsawon aksil ɗin tsohuwar babbar a-kori-kura su ɗaura wa motar shiga daji.

Aksil ɗin da ake rububi a nan shi ne wanda ake kira Dana 60, na tsofaffin Ford F-350 da Chevrolet K30. Faɗin babbar giyarsa inci 9.75 ne, na ƙaninsa Dana 44 kuwa 8.5. Akwai filayen matattun motoci da mutum zai shiga da sifanunsa ya kwance abin da yake so, ya biya a bakin ƙofa. Kayan da araha, hannun ne da tsada, don da awa ake biyan makaniki. A gida Kano kuwa hannu ne da sauƙi, kayan ne sai an tona.

Kafin a saya a duba ɓangaren da tukunyar giya take. Ta Ford tana hagu, ta Chevrolet tana dama, kuma dama ce ta dace da farfelar gaba ta Land Cruiser. A ƙirga kusoshin taya: Dana 60 takwas gare shi, amma Dana 44 na ƙaramar Chevrolet shida ne a da'irar milimita 139.7, daidai da wilin Toyota mai kusoshi shida. Lissafin giyar gaba kuma dole ya zo ɗaya da na baya. In baya 4.10 ne gaba 3.54, ranar da aka sa fowil a ƙasa mai tauri wani abu zai fashe.

Ba a yanka bututun aksil ɗin a tsakiya. Ana kwance komai, a bi waldar da ta riƙe kan da ke ƙarshen bututun, wato inda taya ke juyawa, da giranda har ta ƙare, a buge kan ya fita, a yanke incin da ake so daga bakin bututun, a goge, a dumama kan a mayar. Yawanci ɓangare mai tsawo ake ragewa, don gajeren ba shi da wurin da sifirin zai zauna in aka taɓa shi.

Wurin da aiki ke lalacewa shi ne kafin a kama da walda. Kan nan ba a tsaye cak yake zama ba, yana ɗan kwantawa baya kamar digiri 5 zuwa 7, kuma hagu da dama su zo daidai. In ya gaza, sitiyari ba zai dawo da kansa ba bayan kwana, mota ta riƙa yawo a titi. In ɓangarorin suka saɓa, sai ta riƙa ja gefe guda, a yi ta zargin mai alaimen alhali ba laifinsa. A nan da ɗan ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu suke aunawa, abin da bai fi akwatin ashana biyu ba. Sannan suna zura miƙaƙƙen sandan ƙarfe ta mazaunin boris ya ratsa bututun, don a ga ko zafi ya lanƙwasa shi. Bututun da ya karkace, cin sil zai yi ta yi, mai yana zuba.

Waldar kanta ba abin da za su nuna wa mutanenmu. A gasa wurin ya kai kamar digiri 200, a yi da sanda 7018 busasshiya, kaɗan nan kaɗan can, a lulluɓe ya huce a hankali, ban da zuba ruwa. Sai dai a yi da janareto mai ƙarfi, wutar da ke sama da ƙasa ba ta narka ƙarfe mai kaurin rabin inci.

Inda suka yi mana nisa shi ne shaf ɗin ciki, wato sandan da ke cikin bututun yana juya taya. A nan mutum zai auna tsawo, ya faɗi yawan haƙora, 30 ko 35, a yanko masa sabo da ƙarfen 4340 a kawo har gida. Wasu kuma su rage tsohon a sake fitar masa da haƙora, in kaurinsa ya isa, don wasu shaf suna sirancewa bayan haƙoran. A duba kuma santsin da sil ke hawa kada ya gusa. Abin da na sani ana yi a gida, a yanke shaf a haɗa da walda, don Allah a bari. Taurinsa a fatar waje yake, wuta na kashe shi, kuma a cikin yashi ko laka zai karye, inda ba mai janwe.

Saboda haka wanda ke Kano ya fara samo shaf, sannan ya yanka bututu daidai da shi. In shaf bai samu ba, aksil ɗin Land Cruiser na Beljiyam ya fi kwanciyar hankali, tunda boris da sil ɗinsa suna nan Ƙofar Ruwa, na Dana kuwa sai an yi odarsu.