Rolon ɗin tsaida zufa: lalle ya kama mani, amma na sha wuya

Wata biyu da 'yan kwanaki kenan ina amfani da rolon ɗin nan na tsaida zufa, mai 'yar ƙaramar kwalba da masu saida kayan gyaran jiki suke ta tallarshi a WhatsApp tun shigowar bazara, lokacin da na saya da kaɗan ya fi turmin atamfa mai sauƙi arha. Na ce bari in faɗi yadda muka yi da shi saboda 'yan uwana masu irin lalurata, don na san muna da yawa, kunya ce kawai ke hana mu magana.

Ni zufar hannu da ƙafa da hammata tun ina firamare nake fama da ita. Ba irin zufar da kowa ke yi ba in ya sha aiki, a'a, ina zaune a inuwa cikin hunturu ana rawar ɗari tafin hannuna na ɗiga. Da hankici a ƙarƙashin hannu na rubuta WAEC don kada takarda ta jiƙe ta yage. A banki sai na goge ɗan yatsa sau biyar shida kafin na'ura ta ɗauka, mutanen layi na kallona. Babanmu ma haka hannunshi yake, likitar da na taɓa gani ta ce abin yakan bi jini, ta sa aka yi mani gwajin suga da na tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, duka lafiya lau, ta tambaye ni ko ina jiƙa shimfiɗa da zufa cikin dare ko ina rama saboda tarin tibi, na ce a'a, in na yi barci ma ɗaukewa take yi sai na farka ta dawo. Ta ce to irin wadda ba wata cuta ce ta kawo ta ba kenan, jijiyoyin da ke ba jiki umarnin fitar da zufa ne suke wuce gona da iri. Alif da lemun tsami kuwa babu irin wanda ban goga ba.

To abin da ya sa na rufe ido na saya shi ne bikin ƙanwata da aka sa a watan Afrilu. Duk macen da ke da zufar hannu ta san abin da nake nufi in na ce lalle. Ni tunda nake jan lalle bai taɓa zama mani a tafin hannu yadda yake zama ma kowa ba. Salatif ɗin da ake yanka zane da shi baya ma kama fatar, mai lalle tana mannawa yana ɗagowa, in an samu an lallaɓa an sa lallen an ɗaura leda, minti ashirin zufa ta taru a ciki ta kwashe shi ya bi ƙarƙashin salatif, a kwance a ga ja wani wuri, fari wani wuri, zanen duk ya haɗe. A bikina ma bayan hannu kawai aka yi mani baƙi aka bar tafin haka nan, har yau in na ga hotunan abin na taɓa mani rai.

Kwana takwas kafin ranar ƙunshi na fara shafa shi a tafin hannu kullum bayan isha'i, da asuba in wanke tas da sabulu kafin in yi alwala. Kwana uku na farko ban ga komai ba har na fara cewa kuɗina sun tafi. A rana ta biyar ina kan keken ɗinki ina haɗa wani farin leshi na kwastoma, sai na lura tun safe ban ɗauki tawul ɗin da nake ajewa kan cinya ba, allura ma bata sulluɓe mani ba. Na juya hannuna na duba, a bushe, har wani ɗan gautsi-gautsi yake. Wallahi sai da na tashi na je na nuna ma Inna.

Ranar ƙunshi mai lallenmu ta Ƙofar Marusa a nan Katsina, wadda ta san hannuna shekara da shekaru, tana ganina ta ce Anti yau ma baya kawai za mu yi ko? Na ce mata ki dai taɓa ki ji. Ta kama hannun ta shafa, ta sake shafawa, ta ce ikon Allah, me kika yi mashi? Ta manna salatif ya zauna daram. Aka sa lalle aka ɗaure, na zauna gaban fanka awa biyu da wani abu zuciyata na ta bugawa don ina jin ɗumi cikin ledar, ina cewa yanzu za ta ɓalle. Da aka kwance aka ɓare salatif ɗin, layukan nan sun fito ɗaya bayan ɗaya, sirara, jajir, har ƙananan ɗigon da ta yi a kan yatsu babu wanda ya haɗe da wani. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mani ba a tsakiyar mata, amarya ta rungume ni tana cewa Yaya ke da ya kamata ki yi dariya. Shekarata talatin da huɗu, ranar na fara ganin tafin hannuna da lalle irin na kowa. Da a daren ranar na rubuta wannan da tauraro biyar zan ba shi ban ko tsaya tunani ba.

Hammata ma ya yi aiki, ya ma fi saurin kamawa a can, kwana biyu ya ɗauke, na sa anko mai ruwan toka babu wannan zagayen jiƙon da ke sa in riƙa matse hannu a jiki kamar mai ciwon kafaɗa.

Amma ranar wuni na gane iyakarshi. An kafa rumfa a tsakar gida, ƙarfe uku na rana wayata na nuna zafi ya kai digiri 42, babu wuta, janareto kuma an ba mai kiɗa da firij ɗin lemu. Ga leshi ga ɗaurin kallabi ga mayafi. Hannu da hammata a bushe ƙayau, amma kaina da fuskata da gadon bayana kamar an buɗe famfo, zufa na bin cikin gashi tana gangarowa ta bayan kunne, hodar da aka yi mani ta narke tun kafin la'asar, zanen da na zauna a kai sai da ya fitar da shaida a kujera. Can na fara jin kaina na sarawa, idona na ganin duhu-duhu, ƙafata na ɗaurewa. Ƙanwar Inna ce ta lura ta janye ni ɗaki ta kwance mani kallabi, ta jiƙa tawul da ruwan randa ta ɗora mani a wuya, aka haɗa mani ORS na shanye kofi biyu kafin na dawo daidai. Hotunan yamma duka babu ni a ciki.

Wannan shi ne abin da mutane ba su ganewa game da mu. Su gani suke wanda ke zufa da yawa ai jikinshi na samun sanyi, alhali mu ruwa da gishiri muke zubarwa tun kafin wasu su fara jin zafin, kuma tufafi in suka jiƙe suka manne a jiki iska bata ratsawa, sai ƙurajen zafi su feso a baya da ƙarƙashin mama. Ga fargaba, kana tunanin kada a ga jiƙon, tunanin kanshi na ƙara tunzuro ta. Ni Maris zuwa Mayu a Katsina lissafi nake da fita, in zan je babbar kasuwa sayen zare da sitif to kafin tara na safe ne ko bayan la'asar sakaliya, da riga ta biyu a jaka. Kuma ni wallahi zafin Afrilu mai bushewa ya fi mani sauƙi a kan na ƙarshen Mayu in hadari ya fara haɗowa bai zubar ba, don a lokacin iskar ta yi nauyi zufar bata bushewa sam, tana nan kwance a jiki. Rolon ɗin nan babu abin da ya rage mani a wannan. Na ma ji kamar bayana ya ƙara, na tambayi mai kemis ɗin unguwarmu ko zufar hannun ce ta koma can, ya ce Hajiya wurin da kika toshe ƙarami ne a kan sauran jiki, zafin gari ne kawai. Ƙila haka ne, ni dai abin da na ji a jikina na faɗa.

Kuma tunda na ambaci mai kemis bari in faɗi abin da ya kai ni wurinshi, don har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Matar da na saya a hannunta ce mani ta yi ki shafa bayan wanka kamar kowane rolon, zufa ta tafi kenan har abada. Ni kuma na yarda, rubutun takardar ciki ƙanana ne kamar ƙwayar gero ban tsaya karantawa ba. Ranar farko na yi aski a hammata, na yi wanka da safe, jikina da ɗanshi na mulka shi sosai na sa kaya. Kafin in kai bakin titi in tari Napep wurin ya ɗauki wuta, ba ƙaiƙayi ba, ƙuna kamar an zuba mani barkono a ciwo. Na juyo gida da sauri na wanke amma ya riga ya yi aiki, fatar ta yi ja ta ɗuri ruwa, kwana huɗu ban iya sauke hannu yadda ya kamata ba, ɗinkin mutane ya tsaya. Da na kai ma mai kemis kwalbar ya juya bayanta ya nuna mani, aluminiyam kulorayid kashi 20 cikin 100. Ya ce wannan ba na ƙamshi ba ne, shiga yake bakin ƙofofin zufa ya toshe su, shi ya sa da dare ake sa shi lokacin da zufa ta lafa, a kan fata busasshiya ƙarau, a wanke da safe, in ya haɗu da ruwa yana zama asid ne ya ci fata, kuma ba a sa shi a inda aka yi aski sai an kwana an wuni, ko inda ke da ƙurji ko tsagewa. Ya ba ni wani man shafawa na kwana kaɗan ya ce in bari ya warke tukuna. Maganar da bata fi minti biyu ba, ita mai sayarwar ta kasa faɗa mani, ko ita ma bata sani ba take saida ma mutane oho.

To ko da na san ƙa'idar ma, a ina za a samu busasshiyar fata da dare a bazarar garin nan? Wanda ya tsara abin nan da ɗaki mai sanyi ya yi lissafi. Mu da muke shimfiɗa tabarma a tsakar gida, bango na fitar da zafin da ya sha tun safe har ƙarfe ɗaya na dare, an ɗauke wuta, kana fitowa wanka kafin ka goge jiki wata zufar ta fito. Dabarar da na samu ita ce in tabbata fankata mai caji ta cika da rana, in yi wanka da ruwan randa, in zauna gabanta hannu a ɗage kusan minti ashirin, in shafa sau ɗaya kawai siriri, in ƙara zama har ya bushe sannan in kwanta. Daren da cajin ya ƙare na gwada da mafici, cikin dare ƙaiƙayi ya tashe ni sai da na je na wanke. Yanzu in babu caji bana ma sa shi. Da ya kama na koma sau biyu a sati kuma yana riƙewa, amma na yi tafiya Daura gaisuwar rasuwa na manta shi a gida, kwana tara zufar hannun ta dawo kamar ba a taɓa yin komai ba. To ina har abadan?

A ƙafa kuwa bai yi mani komai ba, silifas na nan na sulɓi kamar da. Tafin hannun ma yanzu tsakanin yatsu na tsattsagewa sai na riƙa bin shi da man kaɗanya da rana. Ya kuma cinye mani rigar barci guda biyu, wurin hammatar ya kode ya yi taushi har ɗaya ta ɓarke, tsohuwar riga nake sawa yanzu in zan shafa. Likitar nan ta taɓa yi mani maganar wata na'ura da ake tsoma hannu da ƙafa cikin ruwa tana sakin 'yar wutar lantarki, da allurar Botox da ke yin wata kaɗan sai an sake, da ƙwaya ta sha, amma ita ƙwayar ta ce tana busar da baki tana rage zufar jiki gaba ɗaya, a zafi irin namu hatsari ce in ba likita na bibiya ba. Na'urar nake tara ma kuɗi yanzu saboda ƙafar.

Tauraro uku zan ba shi, biyu na lallen ne ɗaya na hammata. Kwalbar ta kusa rabi, in ta ƙare zan sake saye saboda ƙunshin Sallah amma a kemis, ba a hannun matar nan ba. Na tura mata hoton ƙunar tun a satin farko na ce Hajiya don Allah ki riƙa faɗa ma mutane da dare ake sa shi kuma kada su yi aski, ta buɗe ta gani, ta turo mani ayya sannu, washegari na ga ta sake ɗora shi a status da rubutun nan dai na a shafa bayan wanka.